Suna ɗaya, bishiya dabam: tantance nau'o'in rumman da alamomin DNA

Ba kasafai ake shuka rumman da ƙwaya ba idan ana son 'ya'ya masu kyau. Reshe ake yanka a kafe, ya yi saiwa, ya zama bishiyar da ba ta da maraba da uwarta a ƙwayoyin gado. Reshe kuwa ba ya da wuyar ɗauka. Shekaru aru-aru fatake da matafiya suna kai shi daga Iran da tsakiyar Asiya zuwa Indiya da Sin da ƙasashen bakin Bahar Rum, kuma duk inda ya sauka sai a raɗa masa sabon suna. A nan rikicin ya samo asali. Bishiya ɗaya tana iya amsa suna uku a ƙasashe uku, sannan bishiyoyi biyar da ba su haɗa komai ba su riƙa amsa suna ɗaya, domin sunayen rumman da yawa siffa ce kawai: mai zaƙi, mai tsami, mai jan ɓawo, na gari kaza. Malas-e-Saveh na Iran ɗanɗanonsa da garinsa kawai sunan ya faɗa. Mollar de Elche na Sifen ma tarin zaɓaɓɓun bishiyoyi ne masu kama da juna, kowace da lambarta a wurin masu bincike.

Da ido ba za a raba wannan gardama ba. Jan ɓawo yana bin rana da zafi, tsami yana bin lokacin da aka tsinka, girman ɗa yana bin ruwa da yawan 'ya'yan da bishiya ta ɗauka a shekarar. Kafin ma a ga ɗan fari sai an jira shekara biyu zuwa uku. DNA na ganye kuwa yana nan yadda yake, ko bishiyar tana da wata shida ko shekara talatin, ko an yi fari ko an yi damina mai albarka. Shi ya sa masu kula da gonakin adana iri suka koma ga alamomin DNA, wato wuraren da DNA ɗin wata bishiya ke bambanta da na wata. Irin waɗannan gonaki ba ƙanana ba ne: tashar Garrygala ta Turkmenistan, inda Gregory Levin ya yi aiki shekaru da dama, ta tara samfuri fiye da 1,000, ta Yazd a Iran tana da fiye da 700, akwai ta Davis a Kalifoniya, akwai cibiyar binciken rumman ta Solapur a Indiya. Kowace bishiya a cikinsu tana cin fili da ruwa da ƙwadago, don haka sanin wacce ce maimaici ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, zanen dangantakar da kwamfuta ke fitarwa a ƙarshe bai fi ingancin ganyen da aka tsinka da layukan DNA da aka ƙirga a gwaji ba. Manhaja ba ta ƙin bayanai. Ko me ka ba ta za ta zana maka bishiya mai rassa, kyakkyawa, ko da rabin bayanan kuskure ne.

Tambayar da ake son amsawa

Tambaya uku ake yawan cakuɗawa, alhali kowace da kayan aikinta. Ta farko: wannan bishiyar da waccan abu ɗaya ne? Ta biyu: yaya faɗin bambancin da ke cikin tarin nan, kuma ya rabu gida nawa? Ta uku: wace alama ce ke tafiya da laushin ƙwaya ko launin ɓawo? Ta farko tana samuwa da alamomi kaɗan masu kaifi. Ta biyu tana son samfuri masu yawa daga wurare mabambanta. Ta uku kuwa sai da dubban alamomi da awon 'ya'ya na shekaru, kuma wanda ya ce ya amsa ta da faraima goma (gajerun guntayen DNA masu nuna wurin da za a kwafa) a kan bishiya ashirin dace kawai ya gani ya ɗauka hujja ce.

Tsinkar ganye

A ɗauki ɗanyen ganye na toho, wanda bai gama buɗewa ba ko ya buɗe kwanan nan. Tohon rumman yakan yi ja-ja, wannan ba laifi. Tsohon ganye ne abin gudu, don ya tara tanin da sauran sinadaran fenol da za su wahalar da kai daga baya. A duba da kyau daga ina aka tsinka: rumman yana yawan fitar da 'ya'yan gindi, kuma idan bishiyar an yi mata aure a kan wani gindi, ganyen ƙasa na gindin ne, ba na nau'in da ke rubuce a allo ba. Haka nan wani lokaci ƙwaya kan faɗi ta tsiro a jikin tsohuwar bishiya har ta girma tare da ita kamar kututture ɗaya.

Kowane suna a ɗauki bishiya biyu ko uku, kowace a bututunta. Kada a haɗa ganyensu wuri ɗaya don rage kuɗi, domin haɗawar tana ɓoye ainihin abin da ake nema, wato ko bishiyoyin da ke amsa suna ɗaya da gaske abu ɗaya ne. A rubuta lambar layi da ta bishiya, ba suna kaɗai ba. Idan ɗakin gwaji yana kusa, a sa ganyen a ƙanƙara a kai shi firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili. Idan da nisa, a busar da shi a cikin silika, kamar ninki goma na nauyin ganyen, a canza silikar da zarar launinta ya juya. Ganyen da ya yi baƙi a leda kafin ya bushe ya riga ya lalace, a koma a tsinko wani.

Yana da kyau a sa baƙo ɗaya a cikin samfuran don ya zama ma'auni. Rumman na noma, Punica granatum, ɗan'uwa ɗaya tak yake da shi a jinsinsa, Punica protopunica na tsibirin Sokotira a Yaman, kuma samunsa da wuya. Idan babu shi, rumman na daji irin Daru na tsaunukan Himalaya yana taimakawa wajen ganin nisan da ke tsakanin na gida da na daji. A kuma sa sanannen nau'i ɗaya, Wonderful ko Bhagwa, wanda wasu masu bincike ke da shi, don a iya gwada sakamako da nasu.

Fitar da DNA daga ganye mai tanin

Hanyar CTAB (sinadari mai fasa ƙwayoyin ganye su saki DNA), wadda Doyle da Doyle suka bayyana a 1987, ita ce aka fi bi, amma rumman yana buƙatar a ƙara mata ƙarfi. Ruwan haɗin ya ƙunshi CTAB kashi 2 cikin 100, Tris-HCl milimola 100 a pH 8, EDTA milimola 20, gishirin NaCl mola 1.4, da PVP kashi 2 cikin 100. Ana ƙara beta-makaftoyitanol, daga 0.2 har zuwa kashi 2 cikin 100, a ranar aiki ba kafin nan ba, kuma a cikin akwatin zuƙe hayaƙi. PVP yana kama fenol, makaftoyitanol yana hana su yin tsatsa su manne wa DNA, gishirin kuma yana hana sinadaran yauƙi kwantawa tare da shi.

A niƙa miligiram 100 na ɗanyen ganye, ko 20 zuwa 30 na busasshe, a cikin ruwan naitirojin har ya zama gari. Kada a bari garin ya narke kafin ya shiga ruwan haɗi. Minti ɗaya na sakaci ya isa ya mai da shi ruwan ƙasa. A zuba maikurolita 800 na ruwan haɗin da aka riga aka ɗumama, a ajiye a digiri 65 na minti 30 zuwa 60, ana juya bututun a hankali duk bayan minti goma. Bayan ya huce a zuba kulorofom da isowamil, 24 da 1, daidai yawan ruwan, a gauraya ta hanyar kifawa da tayarwa, a juya a na'ura a kan juyi 12,000 a minti na tsawon minti goma. A kwashe ruwan sama ba tare da taɓa farin dattin tsakiya ba. Gara a bar ɗan ruwa a baya da a kwaso datti. Ga rumman, maimaita wankin kulorofom sau biyu ya fi zama ƙa'ida. Sai a zuba isofurofanol mai sanyi, kashi biyu cikin uku na yawan ruwan, a sa a digiri 20 ƙasa da sifili na rabin awa zuwa awa ɗaya. Kwana a firiza ba ya ƙara DNA sosai, datti yake ƙarawa. A juya, a zubar da ruwa, a wanke abin da ya kwanta da itanol mai kashi 70 sau biyu, a bar shi ya sha iska har warin itanol ya tafi, a narkar a maikurolita 50 zuwa 100 na ruwan TE (Tris da EDTA), a sa RNase mai narkar da RNA a digiri 37 na rabin awa.

Dunƙulen da ya kwanta a gindin bututu shi zai fara gaya maka gaskiya. Fari ko mai haske-haske, an dace. Ruwan ƙasa, fenol ya kama shi, kuma zai hana Taq, sinadarin da ke kwafar DNA, aiki. Mai yauƙi da ke jan zare a bakin fifet ya ƙi narkewa, sinadaran yauƙi ne. Maganin duka biyun da ya fi sauƙi shi ne wanke garin ganyen kafin CTAB da ruwan sobitol, mola 0.35 tare da Tris da EDTA da PVP, a juya a zubar, a maimaita har ruwan ya daina fitowa da launi. Wani abin da mutane ke yi ba daidai ba shi ne ƙara ganye idan DNA ya yi kaɗan. Ƙara ganye a ruwan haɗi iri ɗaya ƙara tanin ne. Ragewa ta fi yawan gyara lamarin.

A auna tsabta: rabon hasken da samfurin ke sha a nanomita 260 da 280 ya kasance tsakanin 1.8 da 2.0, na 260 da 230 kuma ya kusanci 2. Na biyun ne ke tona asirin rumman, kuma shi aka fi mantawa. Fenol yana shan haske kusa da inda DNA ke sha, saboda haka na'urar awo kan nuna yawan da babu shi. Dole a zuba kaɗan a jel ɗin agaros mai kashi 0.8: layi ɗaya mai kauri a sama shi ake so, ba shafe mai gangarowa ƙasa ba. Daga nan a tsarma kowane samfuri zuwa awo ɗaya, nanogiram 20 ko 25 a maikurolita. Samfurin da ya ƙi PCR, wato gwajin da ke ninka guntun DNA, kafin a sake fitar da shi a gwada tsarma shi ninki goma. Sau da yawa abin da ke hana aikin yana raguwa har ya daina tasiri, DNA ɗin da ya rage kuma ya wadatar.

Wace alama

RAPD, wadda ta fito a 1990, ita ce mafi arha: faraima ɗaya mai harafin DNA goma, zafin mannewarta a jikin DNA digiri 35 zuwa 37, ba a buƙatar sanin komai game da jerin DNA na shukar. Arharta ce cutarta. Canza na'ura, ko kamfanin Taq, ko yawan DNA kaɗan, sai layuka su ɓace wasu su fito. ISSR ta 1994 ta fi ta tsayuwa saboda faraimominta sun fi tsawo kuma zafin mannewa ya kai 45 zuwa 55. AFLP ta 1995 tana ba da layuka masu yawa a aiki ɗaya, amma tana farawa ne da yanka DNA da EcoRI da MseI, kuma DNA mai tanin ba ya yankuwa duka. Guntayen da ba su yanku ba sai su fito kamar bambanci na gaske. SRAP da SCoT sun biyo baya. Dukkansu rauninsu ɗaya: layi yana nan ko ba ya nan, ba za ka san ko bishiyar ta gaji kwafi ɗaya ko biyu ba.

A yau ban ga dalilin da zai sa a gina binciken rumman a kan RAPD kaɗai ba. An riga an karanta jerin DNA na rumman: na nau'in Dabenzi a 2017, na Taishanhong a 2018, na nau'in Tunisia mai laushin ƙwaya a 2020. Ƙarami ne, harafi kimanin miliyan 330, a kan kuromosom 16, wato tagwaye takwas. Daga waɗannan ayyuka an samu dubban faraimomin SSR da aka san mazauninsu. SSR gurbi ne a DNA da gajeren jeri ke maimaita kansa, kamar AG sau goma sha biyu a wata bishiya, sau goma sha biyar a wata. Tana nuna abin da aka gada daga uwa da na uba duka, kuma sakamakon ɗakin gwaji ɗaya yana iya haɗuwa da na wani.

Sai dai rumman yana da rowa a nan. Faraimomin SSR da yawa layi iri ɗaya suke bayarwa a duk nau'o'in noma, waɗanda suka bambanta ma galibi alil (siffofin da gurbi ɗaya ke zuwa da su) biyu zuwa huɗu ne. Yaɗawa da reshe da kuma yawan barbarar kai sun taƙaita abin. Saboda haka kada a sayi faraima ashirin a zuba wa samfuri ɗari kai tsaye. A fara tace 60 zuwa 100 a kan bishiyoyi takwas da suka fi nisa da juna, a zaɓi masu fitowa tsaf masu bambantawa. Masu maimaici mai tsawo sun fi yawan ba da alil. A nemi biyu ko uku a kan kowane kuromosom, abin ya kama 16 zuwa 24. Wanda ke da hali kuma samfuransa sun kai ɗaruruwa, SNP (bambancin harafi ɗaya) ta hanyar GBS, wato karanta guntayen DNA kai tsaye, ko makamanciyarta ta fi, da sharaɗin DNA mai tsabta ƙwarai da wanda ya iya tace bayanan.

PCR da karatun layuka

Haɗin maikurolita 20 ya isa: bafa, MgCl2 milimola 1.5 zuwa 2, dNTP milimola 0.2 kowanne, faraima maikuromola 0.2 zuwa 0.4 kowace, Taq rabin yunit zuwa ɗaya, DNA nanogiram 25 zuwa 50. Digiri 94 na minti huɗu, sai zagaye 35 na 94 daƙiƙa 30, zafin mannewa daƙiƙa 30 zuwa 45, 72 minti ɗaya, a rufe da 72 na minti bakwai zuwa goma. Zafin mannewa na SSR yana tsakanin 50 da 60, kuma kowace faraima a nemo nata da gwajin zafi hawa-hawa maimakon dogara da abin da takardar kamfani ta ce. A haɗa ruwan gaba ɗaya a raba, don kada hannu ya bambanta tsakanin bututu da bututu. Kowane faranti ya ƙunshi rami ɗaya na ruwa zalla da rami ɗaya na nau'in ma'auni. Layi ya fito a ramin ruwa, farantin duka ya tashi aiki.

Wurin rabewa ne ake yawan asarar wahalar da aka sha. Agaros na kashi 1.5 zuwa 2 ya dace da ISSR, amma ba zai raba guntu mai harafi 182 da mai 184 ba, kuma yawancin alil na SSR tazararsu ke nan. Wanda ya karanta SSR a agaros na yau da kullum zai haɗe alil uku ya kira su ɗaya, sannan ya rubuta cewa rumman ba shi da bambanci. Ana buƙatar foliyakirilamaid mai kashi 6 da rinin azurfa, ko na'urar siririn bututu mai karanta faraima masu launi. Dabarar wutsiyar M13 tana rage kuɗin launin, tunda faraima mai launi ɗaya za ta yi wa gurabe da yawa aiki.

Ko a na'urar, sai an sa ido. SSR mai maimaicin harafi biyu tana fitar da ƙananan ƙololuwa a gaban ta gaske, kowace ta gaza da harafi biyu, saboda Taq yana zamewa. Idan bishiya tana da alil 182 da 184, inuwar ta biyun tana faɗawa kan ta farko, sai a rasa ko alil ɗaya ne mai inuwa ko biyu ne maƙwabta. Abin dubawa shi ne tsayi: a bishiya mai alil ɗaya ƙololuwar ƙarshe ce mafi tsayi, na gabanta suna raguwa kamar matakala, a mai alil biyu maƙwabta ta farkon takan kai ta biyun ko ta fi ta. Taq kuma yakan ƙara harafin A a ƙarshen guntu, wani lokaci ya ƙara wani lokaci ya bari, sai ƙololuwa ta rabu biyu da tazarar harafi ɗaya. Tsawaita matakin ƙarshe zuwa minti 30 yana daidaita wannan. Akwai alil da ba ya fitowa sam saboda wurin da faraima ke kamawa ya canza, sai mai alil biyu ya bayyana kamar mai ɗaya. Akwai kuma dogon alil da ke ɓacewa idan DNA ya yi rauni, gajeren ya rinjaye shi.

Ga ISSR da 'yan'uwanta ana rubuta 1 idan layi yana nan, 0 idan babu. A tsayar da iyaka tun kafin a fara, misali daga harafi 200 zuwa 2,000, a ƙirga layukan da suka fito a maimaici biyu kawai. Ramin da PCR ya ƙi gaba ɗaya ba 0 ba ne, bayani ne da ya ɓace, a sa masa alamarsa dabam. Cika shi da sifili yana sa duk samfuran da DNA ɗinsu ya yi rauni su taru a reshe ɗaya kamar dangi, alhali abin da ya haɗa su tanin ne.

Hanya ɗaya ce ta sanin yawan kuskurenka: a ɗauki kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na samfuran a sake su tun daga ganye, da sabuwar lamba wadda mai karatun layuka bai sani ba. Idan bishiya ta bambanta da kanta da kashi 4 cikin 100, to duk bishiyoyi biyun da tazararsu ba ta wuce haka ba, ba ka da ikon cewa nau'i biyu ne.

Lissafi

Ƙimar PIC, daga aikin Botstein da abokansa na 1980, tana nuna kaifin kowane gurbi. Gurbi mai alil uku da yawansu ya kama 0.5 da 0.3 da 0.2 yana da bambancin da ake tsammani 0.62, PIC ɗinsa kuma 0.55. Mai alil biyu, 0.9 da 0.1, PIC ɗinsa 0.16 ne kacal, kusan bai raba kowa ba. Mai alil biyu ko ya rabu rabi da rabi ba zai wuce 0.375 ba. Sama da 0.5 ake kira mai kaifi, amma wannan ma'auni na irin su SSR ne. Alamar 1 da 0 iyakarta 0.5, don haka jera PIC na ISSR da na SSR a ce wannan ta fi waccan kuskure ne.

Kafin a ce bishiyoyi biyu abu ɗaya ne saboda sun dace a duk gurabe, a lissafa yiwuwar dacewar ta zo haka kawai. Gurbi mai alil biyu rabi da rabi yana ba da 0.375, gurabe goma irinsa, kusan 1 cikin 18,000. Da jin haka sai a ce ya isa. Amma idan bishiyoyin uwa ɗaya uba ɗaya ne, yiwuwar tana hawa zuwa kusan 1 cikin 180, kuma tarin samfuri 100 yana da tagwaye 4,950 da za a gwada. A rumman, inda nau'o'i da yawa zaɓi ne daga 'ya'yan wani nau'in, kamar yadda aka zaɓo Ganesh daga Alandi a Indiya, lissafin 'yan'uwa shi ne na dogaro.

Ga bayanan 1 da 0 a yi amfani da Jaccard ko Dice, waɗanda ba sa ƙirga rashin layi a bishiyoyi biyu a matsayin kama, tunda layi yana iya ɓacewa saboda dalilai mabambanta. Bishiyoyi biyu da suka haɗa layi 30, ɗaya tana da 6 nata, ɗayar 4, Jaccard zai ba su 0.75, Dice 0.86. Bayanai ɗaya, lamba biyu. Shi ya sa ba a kwatanta kashin kama na bincike biyu sai an san ma'aunin kowanne. Daga nan a zana dangantaka da hanyar lissafi ta UPGMA ko NJ, a gwada ƙarfin rassa da maimaici 1,000. Reshen da goyon bayansa bai kai 50 cikin 100 ba kada a ba shi suna ko a gina masa labari. A duba PCoA, zanen ɗigo-ɗigo mai nuna nisan samfura da juna, a gefe. Idan rukunonin zanen ba su bayyana a can ba, a yi shakkarsu.

Abu ɗaya da ake tsallakewa: a cire maimaici kafin lissafin bambanci. Idan Wonderful ya shigo sau bakwai da sunaye bakwai, alil ɗinsa za su yi nauyi ninki bakwai, bambancin da ake tsammani ya ragu, manhajar STRUCTURE mai raba samfura rukuni-rukuni kuma ta ware shi a matsayin al'umma mai zaman kanta. A bar wakili ɗaya na kowane tsari. A STRUCTURE ɗin ma a gwada K, wato yawan rukunoni, daga 1 zuwa 10, kowanne sau goma, a kuma tuna hanyar Evanno ta 2005, wadda ake zaɓar K da ita, ba ta iya nuna cewa rukuni ɗaya ne kawai. Ko tarin bai rabu ba za ta nuna maka biyu ko fiye.

Fassarar abin da ya fito

Sau da yawa rukunonin ba sa bin taswira, kuma ba sa bin ɗanɗano. Na Turkiyya ya zauna kusa da na Iran, mai zaƙi ya raɓi mai tsami, lissafin rabon bambanci na AMOVA ya nuna mafi yawan bambancin yana cikin kowace ƙasa, kaɗan ne tsakanin ƙasashe. Wannan ba gazawar aikin ba ce. Reshen da ya yi ta yawo tsakanin ƙasashe haka zai bar sawu, alamomin kuma suna zaune ne a wuraren da galibi ba su da hannu a zaƙi ko launi. Amfanin zanen ga mai haɗa iri shi ne ya zaɓi iyaye masu nisa da juna waɗanda kowanne ke da halin da ake so. Ga mai gonar adana iri kuma, ya ware ƙaramin tari da ya ɗauke yawancin alil, ya san inda giɓi yake kafin ya fita neman sabbin samfuri.

Inda na fi so a yi taka-tsantsan shi ne hukuncin sare bishiya. Dacewa a gurabe ashirin na nufin asali ɗaya, ba lallai hali ɗaya ba. Reshe guda yana iya canzawa a kan bishiya, ya ba da 'ya'ya masu nuna da wuri ko masu jan da ya fi, manomi ya yanke shi ya yaɗa, ya zama nau'i mai daraja a kasuwa, amma SSR ba za ta gan shi ba, domin canjin yana wuri ɗaya a cikin harafi miliyan 330. Misalin da aka tabbatar na tasirin canji ɗaya shi ne farin rumman marar ja a fure da ɓawo da ƙwaya: binciken da aka buga a 2015 ya gano wani guntun DNA ne ya kutsa cikin ƙwayar gado guda, LDOX, wadda ke cikin masu haɗa jan launi, ya kashe aikinta. Canji ɗaya irin wannan ya sauya kamannin bishiya duka, faraima ashirin da ke wasu wurare kuma ba su da labari.

Saboda haka samfuran da suka dace a DNA a sa su a jerin waɗanda ake zargi, a sake tsinko ganyensu daga bishiyar don a kawar da kuskuren lamba, sannan a gwada 'ya'yansu a fili ɗaya na kaka biyu aƙalla: ranar fure da ranar nuna, launin ɓawo da na ƙwaya, taurin ƙwaya, sukari da tsami, da yawan fashewar ɓawo. Wanda ya dace a nan ma, shi ne za a iya ragewa, a bar bishiya biyu a rubuta duk sunayen da ya zo da su da inda aka samo kowanne. Wanda ya dace a DNA ya saɓa a 'ya'ya a bar shi da lambarsa, kuma shi ne ya fi cancanta a karanta jerin DNA ɗinsa gaba ɗaya a gwada da na ɗan'uwansa, don tazarar da ke tsakaninsu kaɗan ce, ƙwayar gadon da ta jawo bambancin ba za ta yi wuyar ganowa ba.